Wata goma sha takwas ina neman juyin duniya a cikin ƙwayar silikon

Ranar da kwalin ya iso daga masana'anta, da kaina na je na karɓo shi. Ƙwayoyin silikon goma sha biyar ne a jere a kan wani danƙo mai laushi, kowacce ba ta kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba. Wata shida na yi ina zana abin da ke cikinsu, na ƙara wata uku ina jiran a sassaƙa. Na ɗauki ɗaya da hantsaki na ɗora ƙarƙashin madubin ƙara girma, na sauke allurai a wuraren haɗa waya, na shiga murɗa na'urar ba da wuta ina ƙara saurin kaɗawa kaɗan-kaɗan. Shiru. Can da na haura sau dubu tara a daƙiƙa, sai haƙoran ɗan matajin da aka sassaƙa a cikinta, waɗanda nake kallo, suka dushe, suka koma kamar hazo. Ba datti ba ne a madubi. Abin ne ke kai da komo da saurin da ido ba ya iya bi. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har na kusa da ni suka waiwayo. Sai dai lambar da ke kan allo 9,260 ce, ni kuwa 10,000 na zana.

Abin da nake ƙerawa jairoskof ne, wato na'urar da ke auna saurin juyawar abu. Mutane da yawa na yawo da irinsa a aljihu tun da iPhone 4 ya fito da shi a 2010 sauran wayoyi suka bi sahu. Motoci ma sun riga wayoyi. Da na yi wa Yayana bayani ta waya, shi da yake bakanike ne, tun ban gama ba ya katse ni: "Ai na san shi, ƙanena. Wannan ɗan akwatin da ke ƙarƙashin kujera, wanda in ya lalace fitilar ESP ta kama." Shi ne kuwa. Tun 1995 aka fara sa wa motocin Mercedes tsarin ESP, wanda ke jin mota ta fara zamewa ya kama birkin ƙafa ɗaya don ya daidaita ta, kuma na'urar auna juyi ce idonsa.

Sunan ya fito ne daga Léon Foucault, Bafaranshen da ya rataya ƙwallon ƙarfe mai kilo 28 da waya mai tsawon mita 67 a birnin Faris a 1851, ya nuna wa jama'a duniya na juyawa a ƙarƙashin ƙafarsu. A shekarar da ta biyo baya ya yi gwajin da ƙafar ƙarfe mai juyawa ya raɗa mata suna jairoskof. Irin wancan na da, kamar mazari yake ko katantanwar yara: muddin yana wulwulawa, ba ya son a karkatar da shi. Amma abu mai wulwulawa yana bukatar wurin zama da zai riƙa gogawa, yana cinyewa, kuma ba ya ƙanƙancewa ya shiga waya. Shi ya sa ƙananan ba sa juyawa sam. Kaɗawa suke yi. Ƙuda ya riga mu sanin wannan: bayan fukafukansa akwai wasu ƴan sanduna biyu masu kai kamar na allura, suna kaɗawa tare da fiffike, kuma da su yake jin jikinsa ya karkata. Wani masanin dabbobi na Ingila, J. W. S. Pringle, ya yi cikakken bayanin aikinsu a 1948.

Sirrin duka shi ne ƙarfin Koriyolis, mai ɗauke da sunan Gaspard-Gustave de Coriolis da ya rubuta lissafinsa a 1835. A ce kana tsaye a tsakiyar wani babban faifai mai juyawa, ka nufi bakinsa a miƙe. Za ka ji ana ture ka gefe. In ka juyo ka nufo tsakiya, turin ya koma ɗaya gefen. To, ka ɗauki ɗan dunƙulen silikon ka rataye shi da ƴan tsinkaye masu lanƙwasuwa, ka sa shi kaɗawa gabas da yamma. Da zarar an juya ƙwayar da yake ciki, zai fara ɗan leƙawa kudu da arewa, kuma girman leƙen daidai yake da saurin juyin. Kaɗawar farko muna kiranta ta tuƙi, ta biyun ta ji. Duk aikin mai zane a tsakanin waɗannan biyun yake.

Makon farko da fara aikin na je wa Farfesa, malamin da ke duba aikina, da kwamfutata a buɗe, ina ɗokin nuna masa manhajar kwaikwayo. Ya rufe ta da hannunsa, ya miƙo mini takarda da biro. Ya ce kada in sake zuwa sai na faɗa masa nisan da dunƙulen zai matsa idan aka juya shi digiri 1 a daƙiƙa. Na zauna na yi. Dunƙule mai milimita 1 tsawo da faɗi, kaurinsa maikuromita 25 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), nauyinsa bai wuce maikurogiram 58 ba. In yana kaɗawa sau 10,000 a daƙiƙa, yana zuwa maikuromita 5 kowane gefe, gudunsa a tsakiya kusan sulusin mita ne a daƙiƙa. Turin Koriyolis da zai samu kusan kashi ɗaya cikin dubu ne na nauyinsa. Nisan da zai matsa kuwa ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin muryoyin kaɗawar biyu, domin kowane abu mai lanƙwasuwa yana da muryar da ya fi so, kamar tsirkiyar goge. In muryar ji ta ɗara ta tuƙi da 100, matsawar za ta zama nanomita 0.14 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita). Na sake lissafin har sau uku. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra biyu masu maƙwabtaka a cikin silikon nanomita 0.235 ce. Ke nan abin da aka ce in auna bai kai taku ɗaya tsakanin zarra da zarra ba. Na kai wa Farfesa takardar, ya duba ya ce, "Yanzu ka san girman abin da kake nema. Je ka buɗe kwamfutar."

Ban ƙirƙiro siffar daga kaina ba. Mataji mai haƙora masu shiga juna, wanda wutar lantarki ke ja, William Tang da abokan aikinsa ne suka fito da shi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1989. Cibiyar binciken Draper da ke Amurka ta nuna jairoskof ɗin silikon a 1991, ta biyo da mai dunƙule biyu da mataji a 1993. Hanyar sassaƙar da ta ba da damar haƙa ramuka masu zurfi da bango a tsaye, Franz Laermer da Andrea Schilp ne suka samo ta a kamfanin Bosch a farkon shekarun 1990: a saki iskar da ke cin silikon na ɗan lokaci, a saki wata ta shafe bangon ramin da rufi, a sake ci, a sake shafewa, har a kai ƙasa. Ni nawa shi ne in zaɓi tsawo da faɗi da kauri, in tsara inda kowane tsinke zai zauna.

A kwaikwayon kwamfuta na fara tuntuɓe. Na sa wa silikon tauri ɗaya ta ko'ina, alhali ba haka yake ba. Yana da gaba kamar itace: ta wata fuskar taurinsa 169 ne a ma'aunin gigafaskal, in ka karkata da digiri 45 ya sauka zuwa 130. Wannan kaɗai ya isa ya sauya murya da kashi 12 cikin ɗari. Wata dattijuwar injiniya da ta fi kowa daɗewa a ɗakin gwajinmu ce ta lura, ta tambaye ni ta wace fuska tsinkayena za su kwanta a kan faifan silikon. Ban taɓa tunanin tambayar ba. Na gyara.

Daga nan na shiga abin da a lokacin na ɗauka shi ne inganta zane. Na rubuta shirin da ke gwada dubban haɗe-haɗe yana neman wanda zai ba da sigina mafi girma, na bi shi duk inda ya kai ni. Ya ce in matso da muryoyin biyu kusa, na matso da su har tazarar ta koma 100: tuƙi 10,000, ji 10,100. Ya ce in sirantar da tsinkayen ji su koma maikuromita 3 don su gajarta in samu filin ƙara faranti masu auna matsawa, na bar na tuƙi a 4. A kan allo abin ya yi kyau matuƙa. A littafin ƙa'idojin masana'antar an rubuta ƙarara cewa faɗin da za a samu zai iya bambanta da wanda aka zana da ɗan wani abu. Na karanta layin, na wuce.

To, ga abin da ya faru. Sassaƙa ta ci kusan maikuromita 0.1 a kowane gefen kowane tsinke, abin da bai fita daga iyakar da suka faɗa ba. Taurin tsinke kuwa ba ya bin faɗi kai tsaye. Faɗin ake ninkawa da kansa har sau uku. Tsinke mai 4 ya koma 3.8, ya rasa kashi 14 cikin ɗari na taurinsa, muryarsa ta sauka da kashi 7 da ɗoriya. Ga 9,260 ɗin da na gani. Wannan kaɗai ba abin damuwa ba ne, domin da'irar lantarki za ta bi muryar duk inda ta je. Amma tsinke mai 3 ya koma 2.8, kuma da yake ya fi siranta, cizon ya fi yi masa illa: ya sauka da kusan kashi 10 cikin ɗari. Da na auna muryar ji, sai na same ta a wajen 9,110. Ta faɗo ƙasa da ta tuƙi da kusan 150.

Jikina ya yi sanyi, saboda na san abin da hakan ke nufi. Akwai dabarar gyara murya bayan an gama sassaƙa: a sa wutar lantarki tsakanin dunƙulen da farantin da ke fuskantarsa. Jan da wutar ke yi yana ƙaruwa idan sun matso kusa, don haka yana rage wa tsinke ƙarfi, murya ta sauka. Sauka kawai take yi. Mai kalangu yana iya matse tsirkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Ni kalanguna sassautawa kaɗai ya sani. Da muryar ji na sama, da na jawo ta ƙasa har inda nake so. Tana ƙasa, duk abin da na ƙara nesa yake ƙara kai ta.

Ashe da sauran rina a kaba. Da na haɗa da'irar karatu, ƙwayar na ajiye a kan tebur ba ta motsi, sai ga sigina ya cika ma'auni ya tumbatsa, kamar ana juya ta fiye da sau uku a daƙiƙa. Wannan shi ne abin da ma'abota fannin ke kira kwadiraca, ni kuwa na raɗa masa motsin ƙarya. Bangon ramin da aka sassaƙa ba ya tsayawa cak. Wani ya ɗan karkace, wani tsinken ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri. Sai dunƙulen ya riƙa tafiya a ɗan jirge maimakon a miƙe, faranti masu ji su ɗauka juyi ne. Da na koma takarda, lissafin ya ba ni tsoro. In kashi ɗaya cikin dubu kacal na ƙarfin tsinke ya karkata gefe, a muryar 10,000 motsin ƙaryar daidai yake da juyin digiri 1,800 a daƙiƙa. Abin da ke ceton mutum shi ne su biyun ba sa zuwa lokaci guda. Turin Koriyolis yana bin gudun dunƙule, ya fi ƙarfi a tsakiyar tafiya. Motsin ƙarya yana bin nisan da dunƙule ya kai, ya fi ƙarfi a ƙarshen tafiya. Da'ira za ta iya tace ɗaya ta bar ɗaya, amma sai agogonta ya daidaita sosai. Kuskuren digiri 1 a wannan saiti zai bar juyin ƙarya na sama da digiri 30 a daƙiƙa ya kutso cikin na gaskiya, kuma zafi kaɗan ya isa ya gusar da saitin.

Matsala ta uku, Farfesa ne ya nuna mini ita. Ya zo ya tsaya a bayana yana kallon osiloskof, wato na'urar da ke zana sigina a matsayin layi a kan allo, bai ce komai ba, sai ya ƙwanƙwasa teburin da yatsa. Layin ya yi tsalle. Dunƙule ɗaya ba ya iya bambance turin juyi da girgizar tebur, duka gefe suke tura shi. A mota mai bin hanyar gargada, irin wannan ba shi da amfani.

Na yi kwana biyu ban shiga ɗakin gwaji ba. Wata tara sun tafi, kuɗin sassaƙa sun tafi, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi. Da na dawo, dattijuwar nan ta same ni ina shirin mayar da ƙwayoyin cikin kwali. Ta ce kada in kuskura. Ta ce in auna duka goma sha biyar ɗin, kowace murya, kowane tsinke a ƙarƙashin madubin ilektiron, in rubuta. A ganina wannan ce shawara mafi tsada da na samu a duk zaman. Ƙwayoyin da na ɗauka asara ne suka gaya mini halin masana'antar: nawa take ci, yadda cin ke ƙaruwa inda rami ya yi faɗi ya ragu inda ya yi ƙunci, da yadda ƙwaya ta bambanta da ƴar'uwarta.

A wannan awon ne kuma na fahimci lambar Q da idona. Q tana nuna tsawon lokacin da abu ke ci gaba da amo bayan an buga shi. Ka ƙwanƙwasa tasa, za ta daɗe tana ƙara. Ka ƙwanƙwasa ƙwarya, nan take ta yi shiru. A cikin iska, ƙwayata ƙwarya ce. Matajin tuƙi yana yanka iska a gicciye, Q ɗinsa ƴan ɗaruruwa. Faranti masu ji kuwa matse iskar suke yi tsakaninsu kamar zugazugi, nasu bai kai hamsin ba. Da muka sa ta a tukunyar da ake zuƙe wa iska, na kashe wutar tuƙi, sai layin ya ci gaba da kaɗawa yana raguwa a hankali, daƙiƙa guda cur kafin ya sauka zuwa sulusinsa. Q ta kai wajen 30,000. Na maimaita abin ya fi sau goma don daɗin kallo. A nan iska ta fita daga lissafi, saura zafin da lanƙwasa ke haifarwa a cikin tsinken kansa, wanda Clarence Zener ya yi bayaninsa tun 1937, da ƙarfin da ke zurarewa ta inda tsinke ya kafu da gindin ƙwaya.

Q mai girma tana da jaraba. In ka haɗe muryoyin biyu suka zama ɗaya, Q ɗin ji na 10,000, wancan nanomita 0.14 zai koma kusan 28, riɓi ɗari biyu. Amma abu mai dogon amo yana da nawar amsawa. Faɗin abin da zai iya bi bai wuce rabin kaɗawa a daƙiƙa ba, ke nan in juyin ya sauya da sauri, shi yana nan yana amon na baya. Mota mai zamewa ba za ta jira shi ba. Ga kuma zafi: muryar silikon na sauka da kusan kashi 30 cikin miliyan a kowane digiri na ƙarin zafi, wato 0.3 a cikin 10,000, don haka riƙe muryoyi biyu a cikin rabin kaɗawa aiki ne na da'ira mai gadi dare da rana. Shi ya sa yawancin waɗanda ke cikin wayoyi ake barinsu da tazara da gangan.

Zane na biyu da wata manufa na fara shi. Tun ran gini ake ran zane: na daina tambayar wanne ne mafi kyau in komai ya fito daidai, na koma tambayar wanne zai tsira in komai ya ɗan kauce. Na sauya shirin kwamfutar. Kowane zane da ya kawo, sai in sa shi ya gwada shi ɗaruruwan sau yana ƙara wa tsinkaye ko rage musu maikuromita 0.2, yana karkatar da bango, yana sauya kauri, sannan ya ba ni sakamakon mafi muni. Wanda mafi muninsa ya fi na saura, shi nake ɗauka. Zanen da ya ci a wannan gasa bai kai rabin na farko ba wajen girman sigina a kan allo, kuma na karɓe shi da hannu biyu.

Duk tsinkayen, na tuƙi da na ji, na ba su faɗi ɗaya, maikuromita 6, na ƙara musu tsawo don taurin ya tsaya yadda yake. Yanzu in sassaƙa ta ci, tare za su sauka, da kashi 5 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninsu ba za ta gusa sosai ba. Na ɗaga muryar ji sama da ta tuƙi da 300, na bar wa kaina wurin sassautawa. A gefen kowane tsinke na zana bangon da ba ya aikin komai sai tabbatar da cewa ramin dama da na hagu faɗinsu ɗaya, don cin ya zo daidai. Na ƙara wasu faranti na musamman da ake sa wa wuta su tura dunƙule ya miƙe daga jirgewarsa, maganin motsin ƙarya ke nan tun daga tushe. Sannan na raba dunƙulen biyu, na haɗa su da tsinke don su riƙa lugude kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Juyi zai tura su fuskoki mabambanta, girgizar tebur ta tura su fuska guda. In aka ɗebe wannan daga wancan, girgiza ta ɓace, juyi ya ninka. Abin da ya fi cin lokaci a nan shi ne korar wata murya ta uku, inda dunƙulen biyu ke tafiya tare maimakon lugude. Sai da na yi mako uku ina sauya siffar tsinken haɗin kafin ta yi nesa.

Na so in bar wannan siffa ɗungurungum in koma zobe. Tun 1890 G. H. Bryan ya lura a Kambirij cewa in ka kaɗa kofin gilashi yana ƙara ka juya shi, amon ba ya bin kofin daidai, yana ɗan ja baya. Zobe yana da daɗin cewa muryoyinsa biyu tagwaye ne. Amma a irin faifan da masana'antarmu ke amfani da shi, wannan gabar ta 169 da 130 tana raba tagwayen. Farfesa ya ce in gama koyon darasi ɗaya kafin in buɗe wani littafin.

Wata uku na zane, wata uku na jira. Da kwali na biyu ya iso, ban tsaya kallon hazo ba, kai tsaye na shiga awo. Tuƙi wajen 9,500, ji wajen 9,790, kuma duk ƙwayoyin a kusa da juna. Na fara ƙara wutar sassautawa, muryar ji na gangarowa. A ƙwaya ta farko na yi gaggawa. Faranti biyu masu jan juna suna da iyaka: da zarar mai motsin ya ci sulusin tazarar, tsinke ba ya iya riƙe shi, sai ya faɗa kan ɗan'uwansa. Tazarata maikuromita 2 ce. Na ga wani ɗan walƙiya a madubi, na tarar da baƙin tabo inda silikon ya narke ya haɗe. Daga ranar ban ƙara haɗa wannan layi ba tare da abin taƙaita wuta ba. A ta biyu na tafi sannu a hankali, na tsaya da tazarar 40, wadda ke ba ni damar bin juyi mai sauyawa har kusan sau 20 a daƙiƙa. Na murɗa wutar farantan gyara, ina kallon motsin ƙarya na ƙanƙancewa har ya kwanta. Farfesa ya zo ya ƙwanƙwasa tebur. Layin ya ɗan girgiza ya koma wurinsa.

Muka ɗora ta a teburin gwaji mai juyawa. Digiri 10 a daƙiƙa, layi ya hau. 20, ya ninka. Muka juya baya, ya sauka ƙasa da tsakiya. Na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya, ya amso da cewa in na dawo in zo masa da guda ya gwada a gareji.

Sai dai auna babban juyi ba shi ne gwajin gaskiya ba. Gwajin shi ne a bar ta zaune, a ga ƙaryar da za ta yi. Ana kwana ana ɗaukar abin da take faɗa, da safe a bi hanyar David Allan, wadda ya fito da ita a 1966 don gwada agogunan zarra: a raba bayanan gida-gida, a duba yadda matsakaicin wannan gida ya saɓa da na gaba. Zanen da ke fitowa yana gangarowa da fari, domin hayaniyar da zafi ke sa dunƙule yi da ta da'ira suna narkewa in aka daɗe ana tattarawa. Sai ya kai wani ƙasa ya kwanta, daga nan ya fara hawa. Wannan ƙasan shi ne darajar na'urarka. Daren farko zanena ya hau da wuri, saboda ana kashe ɗumamar ginin da dare, ɗakin ya yi sanyi. Na sa ƙwayar a akwati mai riƙe zafi ɗaya, na sake kwana. Ƙasan ya sauko zuwa wajen digiri 20 a awa. Duniya kuwa digiri 15 take juyawa a awa.

Kusan da suka yi ya hana ni barci. Na so in ga abin da Foucault ya gani. Garin da nake karatu kusan layi ɗaya yake da Faris, inda ƙwayar da ke kwance a tebur ke samun kusan digiri 11 a awa daga juyin duniya. A Kano, da ke digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, 3 da ɗan kai za ta samu. Na yi dabara: in auna tana kwance, in kifar da ita in sake aunawa, bambancin ya zama 22. Na yi, na sami bambanci babba, na ruga ofishin Farfesa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Da ka kifar da ita, juyin duniya kaɗai ka juya?" Na tsaya. Nauyi ma na juya. Dunƙulen ya lotsa ta ɗaya fuskar, kuma lambar da na samu ta lotsawar ce.

Hanyar da ta dace ita ce a tsayar da ƙwayar a gefenta, fuskar da take ji ta kalli arewa, sannan a juya teburin ta kalli kudu. Haka nauyi ba ya sauya mata wuri. A inda nake, rabon da ƙwayar ke samu a wannan tsayuwa kusan digiri 10 ne a awa, bambancin arewa da kudu ya zama kusan 20. A Kano da ya kusa 30. Tunda ƙaryarta a hankali take gusawa, in na riƙa juyawa kowane minti biyu zan riga ta. Na saita teburin bayan sallar isha'i: arewa, kudu, arewa, kudu, har asuba. Da na dawo daga salla na zuba lambobin a zane. Ɗigogin sun warwatsu kamar an watsa wa kaji tsaba, na arewa sun cuɗe da na kudu. Na ɗauki matsakaicin kowane ɓangare. Na arewa ya ɗara na kudu da digiri 17 da ɗan kai.

Na kai wa Farfesa. Ya daɗe yana dubawa, ya tambayi ko na gwada gabas da yamma, inda ya kamata bambancin ya zama sifili. Na ce ban gwada ba. Ya ce in yi a daren, da wata ƙwayar daban. Na koma ɗakin gwaji na ciro ta uku daga kan danƙon, na fara haɗa mata waya.